Shaidar Gari da Shaidar Takarda

A Gwaram ko Birnin Kudu, ka tambayi dattijo ya nuna maka takardar aurensa, kallonka zai yi ya ce, "Wace takarda kuma, ɗana? Je ka tambayi liman, ka tambayi mai unguwa." Kuma da gaskiyarsa. Auren da aka ɗaura a ƙofar gidan uban yarinya, ko a masallaci bayan an sauko daga Juma'a, gari ne ya shaida shi. Bayan shekara 40 ba za a rasa wanda zai ce da shi aka yi ba, ya ci goron, har ya tuna maka ana tsakiyar girbin gero ne ko an riga an kai dawa rumbu. Haka iyayenmu suka yi zamansu, babu wanda ya taɓa ce musu su kawo hujja.

Sai dai yau akwai 'ya'yan wannan yanki da neman ilimi da abinci ya kai nesa. Wani likita ne da ya yi aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu kafin ya samu gurbi a wani asibitin Ingila. Wani malamin jami'a ne da ya tafi digiri na uku Amurka, aiki ya riƙe shi. Wani injiniya ne, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar nan da Aliko Ɗangote ya yi. Da yawansu in aure ya tashi gida suke dawowa, su nemi 'yar Sara ko Basirka, 'yar Babaldu ko Sundimina. A ɗaura, a sha biki, hutun ango ya ƙare ya koma. Daga nan amarya ta shiga jiran ranar da za ta tsaya gaban baƙon da bai taɓa jin sunan garinsu ba, ta gamsar da shi cewa auren da ɗaruruwan mutane suka shafa wa fatiha aure ne na gaskiya.

Bincike biyu ke nan a kan aure ɗaya: na gari, da na jami'in biza. Mutanenmu sukan raina na biyun, su ce wulaƙancin Turawa ne kawai. Akwai wulaƙanci a cikinsa, kuma zan zo kansa. Amma abin da na gani shi ne kowanne daga cikin binciken nan yana hango abin da ya ɓace wa ɗan'uwansa, kuma yarinyar da za a kai uwa duniya tana bukatar duka biyun, har ma tana bukatar na takardar fiye da yadda iyayenta suke zato.

Namu tun ranar da yaro ya turo magabatansa yake farawa. Baffan yarinya zai hau babur ya je garin su yaro kamar cin kasuwa ya kai shi, ya zauna a teburin mai shayi, ya gaisa da wani tsohon abokinsa, a hankali ya jefa tambaya. Ɗan gidan wane ne? Ana ganinsa a jam'i? Babu shaye-shaye? Yaya ubansa ya riƙe uwarsa? Gwaggo kuma tana yin nata ta cikin gida, a wurin suna ko gaisuwar mutuwa, inda mata ke jin abin da ba ya kaiwa kunnen maza. Sai kuɗin gaisuwa, sai sa rana, sai lefe da za a baje a tsakar gida maƙwabta su shigo su gani. Kowane mataki ƙara yawan idanun da ke kan maganar yake yi.

Ranar ɗaurin aure an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Wakilin ango ya matso ya nema wa ɗansa auren wance, waliyyi ya ce ya bayar. A ambaci sadaki, a ƙirga shi a gaban jama'a, a faɗa ko lakadan ne ko ajalan. A lissafo wa wakili ci da sha da sutura da wurin kwana da kula da lafiyarta, ya ce sun ɗauka. Liman ya yi salati, a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da waɗanda ke can baya cewa an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza, a hau rabon goro da dabino da alawa. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin zaure ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, waliyyi yake nema, da sadakin da bai gaza rubu'in dinari ba, da shaidu biyu adalai. Mu kuwa maimakon biyu, gari guda muke tarawa. Amarya dai ba ta wurin. Tana can ƙuryar ɗaki da ƙawayenta, lalle a ƙafa, a bakin yaran gida za ta ji cewa an ɗaura. Sau da yawa shi ma angon ba ya cikin taron, balle wanda wurin aikinsa bai ba shi hutu ba.

Ɗaya binciken ta wata hanya daban yake bi. A tsarin Amurka miji ne ke fara shigar da bukata wurin hukumar shige da fice ta can, da fom mai lamba I-130. In ta amince, fayil ya wuce cibiyar da ke tattara takardun biza, mata ta cike nata fom ɗin DS-260 a intanet, a haɗa fasfo, takardar haihuwa, takardar aure, takardar 'yan sanda da ke nuna ba ta da laifi, da gwajin lafiya wurin likitan da su suka amince da shi. Sannan a ba ta rana. Ganawar bizar zama ta 'yan Nijeriya a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ake yin ta, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Birnin Kudu, kuma ba a wajabta wa miji ya zo ba. Yarinyar da aka ɗaura aurenta ba tare da ta furta kalma ɗaya a bainar jama'a ba, ranar nan ita kaɗai ce bakin auren.

Waya ba ta shiga, a waje ake barinta. Za a duba jikinta da jakarta, ta zauna cikin jerin mutane har a kira ta. Taga ce mai gilashi, jami'i yana zaune ta ciki da kwamfuta a gabansa, ita tana tsaye ta waje. Ta ɗora yatsunta a kan na'ura, ta yi rantsuwar cewa abin da ke cikin takardunta gaskiya ne, tambayoyi su fara zuwa. A ina kuka haɗu? Wa ya haɗa ku? Yaushe aka ɗaura, su wa suka zo? Yaushe rabonki da ganinsa? Wane aiki yake yi, a wane gari? Ya taɓa aure? Yana da 'ya'ya? Galibi 'yan mintoci ne. Ko a riƙe fasfo a ce an amince, ko a miƙo mata takarda a ƙarƙashin sashe na 221(g) a ce ta ƙaro hujja, ko a mayar da fayil ɗin Amurka don a sake dubawa, abin da ke iya cin watanni masu yawa.

Tsananin nan yana da dalili. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta musamman kan auren bogi da ake ƙullawa don samun takardar zama. Daga lokacin, matar da ta shiga ƙasar aurenta bai cika shekara 2 ba katin zama na wucin gadi ake ba ta, na shekara 2, kuma cikin kwana 90 kafin ya ƙare sai ita da mijin sun sake nuna cewa suna tare. Wanda aka kama da auren bogi yana iya shan ɗaurin shekara 5, ko tarar dala 250,000, ko duka biyu. Ma'auratan da suke cikin Amurka tare ake kiransu, kuma in jami'i ya yi shakka yana iya raba su, ya yi wa kowa tambaya iri ɗaya, ya gwama amsoshin. Ƙa'idojin wannan ganawa sun samo asali daga wata shari'a da aka yi a New York. Ingila kuwa ta fi dogara da takarda, ba kasafai take kiran mutum ganawa ba, amma ta ɗaura nata sharuɗɗan: lallai ma'auratan sun taɓa haɗuwa ido da ido, kowannensu ya kai shekara 18, matar ta ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ta yi gwajin tarin fuka, mijin kuma yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. Daga 2012 fam 18,600 ne, a Afrilun 2024 aka ɗaga.

Inda binciken nan biyu suke karo, kunya ce ta farko. 'Yar Gwaram an tarbiyyantar da ita kada ta kama sunan mijinta, kada ta tsura wa baƙon namiji ido, in babba yana magana ta sunkuyar da kai ta amsa a taƙaice. Duk abin da a gida ake yaba mata da shi, a gaban taga yana iya zama abin zargi, domin jami'in ya taso a inda kawar da ido alamar ɓoye wani abu ne. A tambaye ta nawa mijinta yake ɗauka a wata, ta ce ba ta taɓa tambayarsa ba, kuma gaskiya ta faɗa. A tambaye ta ranar haihuwarsa, alhali a gidansu ba a taɓa bikinta ba, shi kansa 1 ga Janairu aka rubuta masa ranar da aka kai shi firamare. A nemi hoton ɗaurin aure, ta miƙa, a ga maza zalla cikin manyan riguna, babu ita. Ta miƙa na yinin biki, a ga mata zalla, babu shi. Akwai ma sashe a dokar shige da ficen Amurka da ya ce auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa tare a wurin ba a lissafa shi sai in sun tare bayan ɗaurin. An yi dokar ne da wasu mutane a zuci, amma ta faɗo daidai kan wakili da waliyyi. Saboda haka wanda aka ɗaura masa aure yana can, sai ya zo gida ya tare da matarsa kafin ya shigar da takarda, kuma ya ajiye tikitin jirgi da hatimin da aka buga masa a fasfo.

A nan ina tare da gari, kuma ba na ɓoyewa. Ma'aunin jami'in biza mara nauyi ne. Hotuna, saƙonnin soyayya, sanin kalar da miji ya fi so, duk abubuwa ne da mayaudara biyu za su iya haɗawa cikin wata ɗaya, su kuma ma'auratan gaskiya daga Kila ko Farin Dutse su rasa. Gari ba a yi masa haka. Ba za ka tara Gwaram ka ce ka auri wance, alhali kowa ya san ƙanwarka ce, a kwana ba a ji ba. Liman ya san uban, mai unguwa ya san gidan, matan layi sun san ranar da aka kai ta da ɗakin da aka yi mata jere. Abin takaici ne a ce wannan shaida mai kauri ba ta da hanyar shiga fayil, a bar yarinya mai shekara 22 ta ɗauki nauyinta ita kaɗai a harshen da ba nata ba.

Amma idon gari yana da iyaka, kuma iyakar ce ke damuna. Babur ɗin Baffa yana kaiwa Dutse, yana kaiwa Ningi, in ta kama a hau mota a je Kano. Ba ya kaiwa Landan ko Shikago. Abin da ake bincikowa shi ne gidan uban yaro, da halin yaron lokacin da yake ɗan sakandare. Shekara 10 da ya yi a waje babu wanda ya shaida su. Ana ganinsa ne da Sallah, cikin shadda mai maiƙo, yana raba wa dattawa turare, shi ke nan a ce ai ɗan gidan mutunci ne, a ba shi. Ko zamansa a can yana kan ƙa'ida, ko ya taɓa auren wata don ya samu takarda, ko yana da ɗa a can, ko bashi ya yi masa katutu, ko ɗaki ɗaya suke haya su huɗu, babu mai tambaya, domin tambayar kanta ana ganin cin fuska ce.

Takarda ba ta jin wannan kunyar. Fom ɗin farko ma sai miji ya rubuta duk auren da ya taɓa yi, ya kawo shaidar yadda kowanne ya ƙare. Sai ya nuna matsayinsa a ƙasar, domin ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ne kaɗai ke iya shigar da irin wannan bukata. Sai ya cike fom I-864 na ɗaukar nauyi, ya haɗa da takardun harajinsa, ya nuna yana samun aƙalla kashi 125 cikin 100 na abin da gwamnatin ƙasar ta ƙayyade a matsayin iyakar talauci. Wannan fom yarjejeniya ce da mata za ta iya kai shi kotu a kanta, kuma saki ba ya warware ta. Tana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta yi aikin kimanin shekara 10, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. A gwada wannan da "mun ɗauka" da wakili ya faɗa a kan tabarma. Alkawari ne mai girma a wurin Allah, kuma a gida akwai masu tsare shi: in miji ya gaza, ta yi yaji, iyaye su zauna, in ta ƙi a je gaban alƙali. A ƙasar da ba ta da kawu ko gwaggo, ina za ta yi yajin? A Amurka kuwa, wata doka ta 2006 ta hana wanda aka taɓa samu da laifin lalata da yara ya ɗauko mata, sai in hukuma ta gamsu babu haɗari. A ranar ganawa ana ba matar ƙasida da ke bayyana haƙƙinta in miji ya cuce ta, kuma tun 1994 doka ta ba matar da ake duka damar neman takardar zamanta da kanta ba tare da sa hannunsa ba. Ni dai in 'yata ce za ta tafi, ina so ta san waɗannan kafin ta hau jirgi.

Shi ya sa yadda ma'aurata suke shirya wa ranar nan ya fi ranar kanta muhimmanci a wurina. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce ta ejan. A je Kano ko Abuja wurin wani mai shagon kwamfuta da ya ce ya san kan abin, ya karɓi kuɗi mai tsoka, ya bugo tambayoyi da amsoshinsu ya ce ta haddace. Wani har ya ƙirƙiro hirar WhatsApp, ya haɗa hoton da ba a taɓa ɗauka ba, ya ce a ɓoye auren farko, a rage mata shekaru ko a ƙara, a ce a Facebook aka haɗu domin wai Bature ba ya gane auren haɗi. Jami'in da ke ganin mutane da yawa kowace rana yana gane hadda daga yadda take fita, kuma tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar ejan ta isa ta rusa ginin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar Amurka, wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan a kan abin da ya shafi bizarsa, hani ne na har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman. Auren gaskiya ne, amma ƙaryar da aka yaɓa masa don a ƙawata shi ta rufe masa ƙofa.

Hanya ta biyu babu kuɗi a cikinta, sai dai ta fi wuya. A ce dare ya yi a Birnin Kudu, an yi isha, shi kuma can yamma ce, bai daɗe da tasowa daga aiki ba. Ya kira ta bidiyo ya ce, "Ɗauko biro da littafi." Ya faɗa mata sunan asibitin da yake aiki, da sunan unguwar, da lambar gidan, da ɗaki nawa ne, da nawa yake biya. Ya faɗa mata albashinsa da abin da ke saura bayan haraji. Su koma baya tare: ranar da ya fara zuwa zance, wa ya rako shi, watan da aka sa rana, nawa aka ba da sadaki, kwana nawa ya yi bayan tarewa. In ta ce da azumi ne shi ya ce bayan Sallah ne, su tsaya su duba har su gano gaskiyar, kada su zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa. Can sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Dokta, an ce za su tambaye ni ko ka taɓa aure." Tambayar da Baffa bai yi ba, da ita kanta ba za ta taɓa iya yi don kanta ba, ga shi ganawar ta sa ta a bakinta. In babu komai, ya ce babu. In akwai, gara ta ji daga bakinsa a daren nan da ta ji daga bakin jami'i, fayil ɗin mijinta a buɗe a gabansa.

Na san ma'aurata da yawa a garuruwanmu da suka haifi 'ya'ya biyar ba su taɓa yin irin wannan zama ba. Al'adarmu ta iya haɗa gida da gida, amma ta bar miji da mata su san juna a hankali, in Allah ya sa. Ga wanda zai zauna kusa da dangi wannan yana wadatarwa. Ga biyun da za su wayi gari a ƙasar sanyi ba su da kowa sai junansu, ba ya wadatarwa.

Sauran shirin aikin tattarawa ne, kuma tun makon biki ya kamata a fara. A karɓi takardar shaidar aure daga masallacin da ya ɗaura ko kotun Shari'a, da sunan waliyyi da shaidu da ranar gaskiya. A ajiye katin gayyata, da bidiyon ɗaurin aure inda ake jin sunayen, da hotunan kamu da buɗar kai, da ko hoto ɗaya ne na su biyun tare da iyaye. Rasit na kuɗin da yake turowa, tarihin kiran waya, katin awon ciki, takardar haihuwar jariri mai sunan uwa da uba, duk hujja ne. Sai gyaran suna, wanda ke cinye wa mutanenmu lokaci fiye da komai: a takardar makaranta Mohammed, a katin NIN Muhammad, a wani wuri an ƙara Gwaram ko B/Kudu a matsayin sunan ƙarshe, a wani wurin babu. A daidaita su kafin a je ofishin fasfo a Dutse, a nemi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa. Ba dole ba ne mace ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki na miji. A gaban taga kuma, in ba ta gane tambaya ba ta ce a maimaita, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ta koyi ɗaga kai ta faɗi cikakken sunan mijinta. Rana ɗaya ce, kuma babu mai hankalin da zai kira wannan rashin kunya.

In auren zumunci ne, a faɗa tun farko, a bayyana yadda dangantakar take, kuma mijin ya binciki dokar jihar da yake zaune, domin kusan rabin jihohin Amurka ba sa yarda a ɗaura auren 'ya'yan wa da ƙani a cikinsu. In ɗayansu ya taɓa aure, 'yar takardar saki da aka rubuta a fallen littafi aka ba yaro ya kai ba ta isa ba, sai kotu ta tabbatar da ita.

Mafi nauyi shi ne batun mace fiye da ɗaya. Gari ya san uwargida, ya san amarya, duka matan aure ne halattattu. Amurka auren farko kaɗai take lissafawa muddin yana nan, kuma dokarta ta hana shiga ga wanda zai je ya zauna da mata fiye da ɗaya. Ingila ma ba ta barin a shigo da ta biyu in ta farko ta riga ta shigo a matsayin mata. A nan ake ba maza shawara mafi muni: ka saki uwargida a takarda kawai, ko ka ce ba ka taɓa aurenta ba. Matar da ta yi haƙuri da kai tun kana ɗalibi, ta riƙe maka 'ya'ya da tsohuwarka shekara da shekaru, a share sunanta saboda biza? Zalunci ne, kuma malamai sun sha faɗa cewa saki ba a yin sa da wasa. Haka masu garzayawa rajista su sake ɗaura aure don takardarta ta fi kwarjini, su sani auren da ke ƙarƙashin Dokar Aure ta Nijeriya ta 1914 na mace ɗaya ne, kuma yana iya taɓa rabon gado. A tambayi malami, a tambayi lauya, kafin a sa hannu.

Bayan duk wannan, ƙofar tana iya rufewa ba laifin kowa. A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, Joe Biden ya ɗage a ranar 20 ga Janairun 2021, sannan a Disamban 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi daga Maris na shekarar. Kowace irin wannan sanarwa, a wani gida a Jigawa akwai amaryar da ke zaune a ɗakin surukarta, kayan jerenta suna tsufa, yaron da aka haifa bai san ubansa ba sai a waya. Wannan fa ba jami'in biza ne zai magance shi ba, aikin gari ne, kuma tun wurin sa rana ya kamata a yi shi. In takarda ba ta fito ba shekara ɗaya, shekara biyu, ina za ta zauna, gidansu ko gidan surukai? Sau nawa zai riƙa zuwa? Za ta ci gaba da karatunta? In abin ya ƙi gaba ɗaya, zai dawo ne ko me?

Kuma waliyyi yana da haƙƙin ya ari tambayoyin fayil ya yi su da bakinsa, tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Ya sa a kira yaron, ya ce masa, "Ɗana, ba don mun raina ka ba, amana ce za mu ba ka. Da wace takarda kake zaune a can? Ta ba ka damar ɗaukar mata? Ka taɓa aure a can, ko akwai ɗa?" Ya nemi wani ɗan yankin da ke zaune a ƙasar, ko limamin masallacin da yaron yake salla, a ji ta bakinsu. Limaman Juma'a na Birnin Kudu da Gwaram su ma su riƙa ajiye littafin da za a rubuta kowane aure da ranarsa da shaidunsa, a ba ango da amarya kofi a ranar. Dattawa za su ce tambayar takarda ta yi tsauri ga baƙon da ya zo da arziki. Wanda zamansa yake kan ƙa'ida, kafin a gama shan ruwa ya turo hoton katinsa ta WhatsApp.